Hoton Mai Takaba da Na Sa a Waya

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗoriya, kuma a garin Tawa ba a bikin manya ba a aiko mini da kati ba. Na gaji dukiya, na koyi zane a Yamai, na buɗe shagon ɗinki mai teloli shida, kowane modal, wato salon ɗinki, ni ke zana shi da hannuna. Gaskiya kaina ya kumbura. Idan kaya suka zauna a jikin mace, ba macen nake gani ba, aikina nake gani.

Wata ƙawata tun ta makaranta mijinta ya rasu, ya bar ta da yara biyu. Saura kwana ashirin ta fita takaba, yayarta ta kawo mini shadda in ɗinka mata kayan fita. Na zuba basirata duka. Da na gama na kai mata da kaina, na tarar da ita cikin tsohon zane, ko kwalli babu a idonta. Na matsa mata ta gwada. Ta ce tana tsoro, lokaci bai yi ba, na ce ai awo ne, ba ado ba. Da ta sa, na ɗaura mata kallabi, na cire sarƙata na rataya mata, na ɗauki hoto. Ta roƙe ni kada kowa ya gani, na rantse mata da Allah.

Kwana uku na daure. Ran na huɗu wata mai shago da muke gasa ta sa sabon ɗinkinta a waya ana ta yabo, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na yanke fuskar ƙawata daga hoton na watsa shi, ina ce wa kaina wa zai gane ta? Ban lura da rawanin marigayi da ke rataye a bango bayanta ba. Kafin la'asar yayarta ta kira ni, ta ce hoton ya isa Takanamat wajen dangin mijin, ƙanwarsa ta gane ɗakin.

Na goge, amma an riga an kwafa. Daga ranar abinci ya daina yi mini ɗanɗano, waya na ƙara gabana ya faɗi. Magana ta yi ta girma, wai har bazawari ƙawata ta yi. Sai na ji ƴan'uwan mijin sun ce za su karɓe yaran, ba za su bar su wajen macen da ta kasa yi wa ubansu haƙurin wata huɗu da kwana goma ba. Allah Ya yafe mini, sunan shagona na fi jin tsoron ya ɓaci, shi ya sa na yi mako guda ban fito na ce laifina ne ba.

Da abin ya ishe ni na tafi Takanamat, na durƙusa gaban uwar marigayin na faɗa mata komai ina kuka. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, na jiya. Amma ina kike sa'adda maganag ga ta tashi? Yanzu maza sun riga sun yanke." Da ƙyar suka bar wa ƙawata ƙaramar ɗiyar, suka tafi da babban, yaro ɗan shekara bakwai.

Ƙawata ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Shekara uku ke nan, duk ranar kasuwar Takanamat takan shiga mota ta je ganin ɗanta, ta dawo da yamma. Idan na hango ta a tasha, canza hanya nake yi.

Na gane cewa hoton da na sa bai fi shirun da na yi muni ba. Ƴan'uwana masu sana'a, wadda ta buɗe miki ɗakinta amana ta ba ki, kada ki mai da ita talla. Idan kuma kin yi kuskure, ki faɗa a ranar. Ni mako guda na jinkirta, yaron kuma har yau bai dawo gidan uwarsa ba.