Bahauddeen da Kududdufin Cheras

Bahauddeen haifaffen Bukuru ne, inda Turawan kuza suka farke ƙasa suka kwashe abin da ke cikinta, suka bar wa mutanen gari ramuka. Ruwa ya cika ramukan, shekara ba ta fita ba su ci mutum ko saniya ba. Da ya zama malami a kwalejin kimiyya da fasaha, ba shi da zance sai na yadda ake cike ramin kwal da na kuza a mayar da shi gona, har ɗalibai suka sa masa suna Malam Ciko.

A 2004 kwalejin ta turo shi Kuala Lumpur ƙaro karatu. Ya zo da matarsa Walida da 'yarsu Afnan, suka kama gida a unguwar Taman Melati. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, unguwanni da dama na birnin a kan tsofaffin ramukan kuza suke zaune.

"Walida, kin ga gidajen can? Da ruwa ne wurin," in ji shi, suna cikin jirgin ƙasa.

"Ni dai in namu ba a kan rami yake ba, shi ke nan," ta ce.

Farfesan da ke duba aikinsa ya haɗa shi da wani kamfani da ke cike wani tsohon kududdufi a bayan unguwar Cheras don a gina gidaje. Manyan motoci su juye jar ƙasa, katafila ta baje ta, a danne, a sake zubawa, a ɗan karkatar da filin don ruwan sama ya sami hanya. Matsalar tana can ƙasa: taɓon da masu haƙa suka bari, mai laushi kamar kunu. Aikin Bahauddeen shi ne ya riƙa auna yadda cikon ke nutsewa, har ya ga ya tsaya.

A nan ya san Pak Slamet, wato Baba Slamet, direban katafila, dattijo mutumin tsibirin Jawa mai wushirya. Tare suke sallah a inuwar kwantena. Kullum Slamet sai ya yo musu tapau, wato ƙunshin abinci, na shinkafa da soyayyen kifi daga shagon abincin da ake kira mamak, ya tura masa ƙunshi ɗaya ya ce, "Makan, makan," wato ci, ci. Ba sa jin yaren juna sosai, amma hira ba ta yanke musu. Slamet na tara abin gina wa matarsa ɗaki a ƙauyensu, ya ce daga wannan aikin ya gama yawon duniya.

Wata Laraba cikin damina, bayan la'asar, Slamet ya leƙo daga kan motarsa ya nuna gefen da ya rage, ta bakin ruwa.

"Boleh?" ya tambaya, wato ko zai iya hawa.

Bahauddeen ya auna wurin da safe. Makonni ke nan ƙasar ba ta motsa ba, injiniyan kamfanin ma ya gani ya yarda.

"Boleh, Pak," ya ce masa.

Katafila ta hau tana tura ƙasa. Ba a ji wata ƙara ba. Bahauddeen dai ya ga filin ya tsage a bayan motar, gefen gaba ɗaya ya zame a hankali ya gangara ruwa, baƙin taɓo ya kumburo ya rufe gilashin. Ya ruga yana kiran sunan Slamet, ma'aikata suka cafke shi tun ƙasar ba ta tafi da shi ba.

Sai da aka kwana biyu kafin a jawo motar, Slamet na zaune a kujerarsa. Bahauddeen na cikin waɗanda suka yi masa wanka kafin a tura gawar gida. Ya daɗe yana cire taɓo daga kunnuwansa da ƙarƙashin faratansa.

Ba wanda ya ɗora masa laifi. Masu bincike suka ce wani tarin laka ne a ɓoye, tsakanin wuraren da aka huda aka gwada. Farfesan ya dafa kafaɗarsa ya ce awonsa daidai ne. Wannan maganar ce ta fi cin sa. Da kuskure ya yi, da ya san abin da zai gyara.

Daga nan ya canja. Ya daina cin abincin kirki, ya hana Afnan wasa a bakin tafkin shaƙatawa, ko masallaci ya shiga sai ya riƙa bin bango da ido yana neman tsaguwa.

"Baban Afnan, kwanansa ne ya ƙare," Walida ta ce masa wata rana, tana kwashe tuwon da bai taɓa ba. "Ko kai kake raba kwana?"

"Na sani," ya ce. "Amma ni ya tambaya."

Bai sake taka filin aiki ba. A ɗaki ya ƙarasa karatun, a gaban na'ura, da alƙaluman da wasu suka auno. Ya ci jarrabawa, aka yi walima, bai iya tashi ya yi wa mutane godiya ba.

Gab da komawarsu gida a 2008, ya hau bas shi kaɗai zuwa Cheras. An gama cikon, an shimfiɗa ciyawa, gidaje sun jeru fes da motoci a ƙofa. Ya zaga yana neman inda bakin ruwan yake a da, ya kasa ganewa. Ya tambayi maigadin unguwar ko ya san an taɓa rasa mutum a wurin. Mutumin ya girgiza kai ya ce shi sabon zuwa ne, ya kuma roƙe shi ya matsa daga hanya, mota za ta fita.

Bahauddeen ya koma kwalejinsa, ya nemi a mayar da shi sashen lissafi, aka mayar da shi. Can yake koyarwa har yau. Walida ta ce idan aka yi ruwa mai ƙarfi ba ya iya zama, sai ya ɗauki lema ya yi ta zagaya gidan yana duba gindin katanga.