Kiɗan da Ya Ƙi Sauri

A falon otal, kusa da wurin cin abinci, inda masu jiran baƙi ke zama, akwai wani tsoho mai kaɗa piyano. Kwat ta yi masa yawa a kafaɗa, kamar ciwo ya cinye shi ya bar rigar. Kiɗan nasa tafiyar hawainiya yake yi, sautinsa ƙasa-ƙasa, mai kashe jiki. Sai ya danna sauti ɗaya, ya jira ya mutu, sannan ya danna na gaba. Hannunsa na hagu yana rawa, yana karkata jiki don kada a gani. Wataƙila a dā tsit ake yi masa. Yanzu ƙarar cokula ce ke amsa masa.

Manaja ya zo ya tsaya a kansa.

"Baba, wa ya rasu? Mutane na cin abinci kana yi musu makoki. Ƙara wuta mana!"

"Ranka ya daɗe, haka mai shi ya tsara kiɗan. In aka yi sauri ya lalace."

"Mai shi, ko hannunka? Samari na nan birjik suna son kujerar nan."

Tsoho ya gwada. Hannun dama ya ruga, na hagu ya bi shi yana tuntuɓe. Wata mata ta tuntsire da dariya.

Manaja ya kunna kiɗan rawa a lasifika, ya dafa kafaɗarsa. "Yi zamanka, Baba, furfurarka na ƙawata wurin. Ka riƙa motsa yatsu, amma kada ka taɓa piyanon."

Ga shi can yana motsa su a iska, yana yi wa masu wucewa murmushi. Allah Ka raba mu da wulaƙancin tsufa.