Alƙalin da Ya Raka Wanda Ya Kora

Yau sabon alƙalin wasa ne a filin besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da sanda, na unguwarmu a San Pedro, wani dogo siriri mai yawan share gumi. Ina jin wasansa na farko ke nan. Yana yanke hukunci, sai ga tsohon kocinmu, Don Eladio, ya dogaro sanda har gabansa a tsakiyar fili.

"Kai Wilkin, makancewa ka yi? Ni fa na koya maka riƙe ƙwallo!"

Alƙalin ya ɗaga hannu, ya sauke, ya kalle mu kamar mai neman shawara.

"Baba, don Allah ka fita daga fili."

Ga shi can riƙe da hannun tsohon, yana raka shi ƙofa a hankali, tsohon kuwa sai zaginsa yake. Mu dai mun rasa ihu za mu yi masa ko tafi.