Tura wa Inna

Ku matso kusa, 'yan'uwana ma'aikata, ku ji yadda aka tsince ni a cikin kwamfuta. Har gobe ranar ba ta fita raina ba, wata Laraba ce bayan an gama yankan dawa.

Ni dai aikina daga ɗaki ne, a nan Rano. Sagiru, ɗan ƙanena, ya gina shafin kirifto a intanet, kuɗin nan da ba a riƙe su a hannu sai a waya. Shafin yana nuna farashi da Hausa, yana haɗa mai saye da mai sayarwa. Ya ba ni waya, ya ce duk wanda ya kira hankali tashe in kwantar masa, in ji abin da ya maƙale, in sanar da shi. Boko ban yi nisa ba, amma muryar da na ji sau ɗaya ba ta ɓace mini.

Da ya samu gurbin ƙaro karatu sai ya sa shafin a kasuwa. Ni kuwa da aikin nan nake riƙe gida. Wa zai sayi shafi ya haɗa da tsohuwa?

Mai sayen wani Alhaji ne a Kano. Ya turo injiniya, Malama Rukayya, ta duba masa darajar abin. A tsakar gidana suka zauna. Ta ce abu uku ake dubawa: masu shiga, abin da shafin ke kawowa a wata, sai yadda aka gina shi. Biyun farko ta yaba, musamman da ta ga maƙwabtanmu 'yan Kibiya da Lausu ba sa fashin shiga. A na ukun aka yi ta.

Ta ce Sagiru ya ƙi kayan ginin da kowa ya sani, ya sassaƙa komai da hannunsa, bai kuma rubuta bayani ba. Sunayen da ya raɗa wa sassan ma shi kaɗai ya san kansu: wani "Kar a taɓa", wani "Sabo na gaske". Ya ce ai abin yana aiki. Ta ce saniyar da ba ta tatsuwa sai a hannun mai ita ma tana ba da nono, amma a kai ta kasuwa a ji.

Can sai ta ɗaure fuska. Ta ce duk inda ciniki ya maƙale umarni ɗaya take gani, kuma ta nemi sashen ko'ina ta rasa.

"Malam Sagiru, mene ne 'Tura wa Inna'?"

Ina tsugune ina dama musu fura. Ya nuno ni da baki.

"Ga ta nan."

Ta yi dariya har sai da ta ajiye kwamfutar, sannan ta dube ni. "Inna, ki yafe ni, amma ke ma aibi ce. Ran da kika tafi biki, ko cajinki ya ƙare, shafin ya kwanta."

Na ajiye ludayin, don gaskiya ta faɗa. Ta rage farashin sosai. Sagiru ya ce albarka, ta ce ita ba ciniki ta zo ba, abin da ta gani ta faɗa.

A gabanmu ta kira Alhaji. Ta ce masa ya saya, amma sai Sagiru ya rubuta bayanin kowane sashe kafin ya tafi. Ina jin muryar Alhajin yana tambaya ko sashen Innar nan zai ciru.

"Ranka ya daɗe, shi ne yake dawo da mutane. Ba cire shi ake ba, ƙara shi ake."

Alhaji ya saya, ku ne kuma ƙarin da aka kawo mini in koya muku. Sagiru ya kwana biyu yana kumbure-kumbure, daga baya ya zauna ya rubuta, har ya ce bai taɓa fahimtar aikinsa kamar lokacin ba.

Abin da na koya, mai faɗa maka aibin kayanka ba maƙiyinka ba ne, kuma aikin da mutum ɗaya kaɗai ya iya bai gama ginuwa ba. To yanzu ku gaya mini, ran da na tafi biki waya ta yi ƙara, wa za a tura wa?