Lokacin da aka yanke mana sabis ina riƙe da hannun jari

Shekarun baya, lokacin ina da shagon maganin feshi a Faskari, na shiga wani zaure na WhatsApp na masu saye da sayar da hannun jari ta waya. Yawancinsu 'yan Kano da Kaduna ne, ni kaɗai ne daga yankinmu. Kullum musun ɗaya ne: wane kamfani zai tashi a makon nan, wane ne zai faɗi. A nan na yi wani aboki ɗan Kano wanda ban taɓa gani ido da ido ba. Duk abin da na faɗa, sai ya ce ba haka ba.

Wani mako hannun jarin wani kamfanin sarrafa abinci ya yi ta zubewa. Kowa a zauren ya ce a sayar tun da sauran dama. Ni kuma, da taurin kai irin nawa, na ce yanzu ne ma lokacin saye.

"Malam, kai dai tsaya wajen maganin ciyawarka," in ji abokina. "Nan da Juma'a za ka zo kana kuka."

Na ce, "Nan da Juma'a kai za ka ba ni haƙuri." Na kwashi abin da nake tarawa don gyaran ɗakin mahaifiyata, na saya.

Kafin Juma'ar ta zo aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, ko'ina tsit.

Ban san ana kaɗaici a tsakiyar mutane ba sai a lokacin. In zauna a shago in buɗe waya, farashin ranar ƙarshe na nan bai motsa ba. Ba halin sayarwa, ba halin sanin me ake ciki. A majalisa hirar kowa hanyar da aka tare ce da gonakin da ba a iya zuwa. Da wane baki zan ce damuwata wani kamfani ne a Legas? Sau ɗaya na gwada yi wa mahaifiyata bayani. Ta saurara har na gama, ta ce, "To shi abin da ka saya ɗin, ina ka aje shi?" Na ce yana cikin waya. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da tsince wakenta. Daga nan a zuci na koma yin musu da abokina, ina auna wa manomi magani ina ba shi amsa, kuma kullum ni ke cinyewa.

Sai bayan makonni na samu zuwa Zariya saro kaya. Muna dab da Giwa wayoyin cikin mota suka hau ƙara. Nan take na duba farashin. Ya tashi, har ya wuce inda na saya! Na faɗa zauren da shirin cika baki. Ashe sun daɗe da barin maganar kamfanin, sun koma kan bankuna. Na bi saƙonnin kaf, ba wanda ya ambace ni. Na rubuta, "Jama'a, kun ga abin da na faɗa maku?" Wani ya amsa, "Wanne fa?"

Abokina ma ya fita daga zauren. Amma a gefe na tarar ya bar mani saƙon murya: "Malam, na ji labarin garinku a rediyo. Rabu da zancen jari. Don Allah in ka samu sabis ka gaya min kana lafiya, kai da Hajiya."

Na kira, layin bai shiga ba. Na yi ta gwadawa har motarmu ta juyo gida, sabis ya sake ɗaukewa. Ko da aka dawo mana da shi daga baya, layin nan bai ƙara shiga ba, kuma a zauren ba wanda ya san unguwarsu.

Na sayar, an gyara wa mahaifiyata ɗakinta. Har yanzu ina ɗan taɓa harkar, sai dai musun ya fita raina. Ribar ma na manta daɗinta. Abin da ya tsaya mani shi ne, a duk waɗanda na yi ta cacar baki da su, mutum ɗaya ne ya tambayi ko ina raye, kuma har yau amsata ba ta kai gare shi ba.