Mai Fensir da Muryar Maigidana

Ƙarfe takwas na safe yake ɗaga ƙofar shagonsa. Ya goge tebur, ya jera sukudireba daga ƙarama zuwa babba, ya feƙe fensir ya soka a bayan kunne, sannan ya zauna. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gyaran kwamfuta a haka, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Fensir yake ce masa. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, idanu sun fara gajiya. Shi ya sa na ɗauki biro, don ban taɓa gane hikimar ajiye yabon mutum sai bayan ransa ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya taɓa cikin kwamfuta sai ya zana abin da ya gani a takarda, ya sa kwanan wata, ya adana. Mai kantin magani da ke maƙwabtaka da shi ta ce ta sha yi masa tsiya a kan haka, har ranar da tata ta ƙi tashi, ya zaro zanenta na shekarun baya ya nuna mata wayar da ta kwance. Tun daga ranar ita ke sayo masa fensir.

Ni tawa shaidar ta fi wannan nauyi. Shekara goma sha shida da suka wuce maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Da yatsa ɗaya na hagu yake rubutu a wata tsohuwar kwamfuta, ita kuma ta karanta da murya. Babban maɓalli na musamman da yake dannawa ba ya shiga sababbin kwamfutocin yanzu. Wannan akwatin shi ne bakinsa.

Bara sai muryar ta fara sarƙewa. Ya rubuta kalma, a jira, ta fito a gutsuttsure. Mutumin da ya saba yi mini gardama tun daga karin kumallo ya koma sai kallon taga. Sati uku bai ce uffan ba. Babban ɗanmu ya ce, "Umma, ki yi haƙuri, jikin Baba ne ya ƙara ja baya. Ita ma kwamfutar ta tsufa, tsufa ba ya gyaruwa." Dangi duk suka gyaɗa kai. Ni na karantar da lissafi shekara talatin da biyar, kuma "ta tsufa" ba amsa ba ce, hanyar gudun tambaya ce. Abin da ke aiki ranar Litinin ba ya tsufa ranar Talata.

Mai Fensir ya zo gidan da jakarsa da wata tsohuwar takarda. Ya gaida maigidan tukuna, ya jira har ya amsa masa da ido. Ya kunna kwamfutar, ya tsayar da rubutun nan da ke wucewa da gudu in tana tashi, ya ɗora fensir a kan layi ɗaya.

"Malama, duba nan. Kesh: babu."

"Kai, yi mini Hausa."

"Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ce mai girki. Kesh ɗan faranti ne a gefenta, inda take ajiye gishiri da cokali. Farantin yana nan, amma ba ta ganinsa, don haka kowane ɗan gishiri sai ta tashi ta je sito."

"Makanta ta yi ke nan?"

"Ko an makantar da ita."

Ya duba saitinta, komai daidai. Ya buɗe murfin, ya ciro ƙwayoyin kesh ɗin ya mayar, ya kunna. Babu. Sai ya shimfiɗa takardar nan, ashe zanen da ya yi ne shekara tara da suka wuce, lokacin da ya canza mata fanka. Ya riƙa bi da fensir yana ƙirga wasu 'yan huluna baƙaƙe na roba da ke haɗa allurai bibbiyu. A zane uku, a ciki biyu.

"Cikin nan fes yake. Wa ke share shi?"

"Ni. Duk wata, da buroshin fenti. Ba ku kuka ce ƙura ke kashe su ba?"

"Mu muka ce. Ba ki tsinci wani ɗan abu baƙi a ƙasa ba?"

Jama'a, ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar! Na ɗauko gwangwanin maɓallan riga, inda nake jefa duk abin da ban san na mene ne ba, na juye a kan tire. Sai ga 'yar hular ta uku tsakanin maɓallai, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ita ce ke gaya wa kwamfutar cewa kesh yana nan. Ya ɗauke ta da hantsaki, ya dubi zane, ya zaunar da ita a kan alluranta. Ya kunna. Inda aka rubuta babu, sai ga lamba.

Ya tura maɓallin ƙarƙashin yatsan maigidan. Muka zuba ido. Yatsan ya motsa, ya sake motsawa, sai murya ta fito tar, ba ko tuntuɓe:

"A ƙwace mata buroshin nan."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Ɗanmu ya fita tsakar gida yana goge ido.

Mai Fensir, kai ne wanda bai ce mini "sayi sabuwa" ba. Kai ne ka kalli tsoffi biyu, mutum da na'ura, ka tambayi me ya same su maimakon shekarunsu nawa. Gwanin zane, mai haƙurin ƙirga allurai, na gode. Maigidana ma ya gode, da bakin da ka mayar masa. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu tasowa, masu gyara da masu jinya da 'ya'yan tsofaffi, ku je shagon nan kafin ƙarshen wata. Ya ce zai raba zane-zanensa ga duk mai so. Ku karɓa, ku koyi dubawa kafin yanke hukunci. Namu zanen yana manne a jikin bango, kusa da ƙusar da aka rataye buroshina, can sama inda hannuna ba ya kaiwa.