Ƙara Ɗaya

Mijina matuƙin ƙananan jiragen sama ne, irin masu ɗaukar mutum kaɗan. Da mulkin farar hula ya dawo aiki ya yi masa yawa, don kowane babba a Abuja ya ga ya fi ƙarfin mota. A lokacin ne wayar salula ta shigo, muka ƙulla wata al'ada. Da zarar ya sauka lafiya sai ya yi mini filashin, ƙara ɗaya, ya kashe. Ba na ɗauka. Nakan tsokane shi, mutum yana tuƙa manya amma yana rowar kati.

Bai cika zancen aiki ba, sai dai na iskar gefe, wadda ke bugun jirgi a haƙarƙari yana dab da ƙasa. Ya taɓa ce mini, "Sabon matuƙi in ya ji ta, fasa sauka yake yi, ya sake zagayowa. Mu tsofaffin hannu kunya ke hana mu, balle oga na baya yana duba agogo."

Na ce, "Kyaftin, jin kunyar mara kunya asara ne. Iska kuwa ba ta da kunya."

Dariya kawai ya yi.

Ranar, farkon damina ne. Ya kai wani babban mutum gonarsa, suna kan hanyar dawowa. Na sayo kifi a Kado ina soyawa, hadari ya haɗo daga gabas, iska tana ta buga tagar kicin. Wayar ta yi ƙara. Na ce alhamdu lillahi, na juya kifin.

Sai ta sake yin ƙara. Ta ci gaba.

Lambarsa ce, amma muryar makanikensu na ji. "Madam, oga ya samu matsala wurin sauka. Iska ya ɗaga fiffike ɗaya. Ki zo, don Allah." Na tambaye shi ko mijina yana magana. Sai ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Na ƙarasa suyar, na tsame kifin, na rufe masa nasa kason kamar kullum, sannan na nemi mayafina.

Har yau 'ya'yana suna faɗan ina barin waya tana ta ƙara ban ɗauka ba. Ba su san jira nake yi ba, ko za ta tsaya a ta farko.